In Aka Hana Tsohuwar Kamiyo Shiga Tashar Jirgin Ruwa, Wa Zai Kwashi Shanunmu?



Mun san wani zai ce, mene ne haɗin mai sayar da shanu da tashar jirgin ruwa? Ba mu da kwantena, ba mu odar shinkafa, da yawanmu ko ƙofar tashar ba mu taɓa leƙawa ba. To, a yi haƙuri a saurare mu, don maganar ta taɓa aljihun kowa.

Kamiyon da ke kwasar shanunmu daga kara zuwa kurmi, mai ita lissafin zuwa da dawowa yake yi. In ta sauke dabbobi a karar Ikko, ko a Tulaku da ke Ashaman kusa da Tema, sai a share ta, a wanke, direba ya shiga neman lodin komawa: shinkafa, sukari, takin zamani, siminti, ƙarfe. Mafi yawan wannan kaya daga tashar jirgin ruwa yake fitowa, ko daga sito-siton da ke kewaye da ita. Kuɗin wannan lodi shi ke ɗauke rabin nauyin gazuwal da taya da kuɗin hanya. Shi ya sa ake ba mu mota a farashin da za mu iya. Gaskiya ne ba kowace motar shanu ke shiga tasha ba, kuma mai shimfiɗa da ke ɗaukar kwantena ba ta ɗaukar sa. Amma kowane dillalin mota ya san cewa ranar da lodin komawa ya yi wuya, ranar kuɗin motar shanu ke tashi. Mu yi misali kawai: a ce mota ta ɗauki kai 30, mai ita ya ƙara jika 300 don zai dawo wayam. Kowane kai ya hau da jika 10 ke nan tun ba a bar kara ba. A ribar wa za a cire? A tamu.

Abin da ya sa muka tada maganar shi ne, a ƙasashen da suka riga mu, ƙofar tashar jirgin ruwa ta zama wurin tace motoci saboda hayaƙi. Inda aka fi sanin labarin shi ne jihar Kalifoniya ta Amurka, a tashoshi biyu maƙwabtan juna, Los Anjalis da Long Bic. Unguwannin da ke kewaye da su sun daɗe suna kukan hayaƙi da cutar asma. Ran 1 ga Oktoba 2008 aka hana duk motar da aka ƙera kafin 1989 shiga. A Janairun 2010 aka ƙara matsawa. A Janairun 2012 aka ce duk motar da injinta bai kai ma'aunin hayaƙi na 2007 ba, ta tsaya waje. Daga Janairun 2023 kuma sai mai injin 2010 zuwa sama. Ba a bi kowa gida ba, ba a kafa shinge a hanya ba. Rajista kawai aka yi: motar da ba ta cikin rajista, ƙofa ba ta buɗe mata.

Hayaƙi ya ragu ƙwarai, hukumomin tashoshin sun ce na motoci ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100 a ƴan shekaru. Amma wa ya biya? Yawancin direbobin can masu mota ɗaya ne, irin namu, ba su da kuɗin sabuwa. Sai kamfanoni suka sayo motoci suka ba su bashi, ana cirewa daga abin da suka samu kowane mako. A 2017 jaridar USA Today ta buga bincike a kan wannan: direbobi na kwana a kan sitiyari, bayan an cire kuɗin mota da mai da inshora abin da ke saura bai taka kara ya karya ba, wanda ya yi rashin lafiya kuwa a karɓe motar, abin da ya zuba ya bi ruwa. Iska ta gyaru, ƙaramin mai mota ya durƙushe. In Amurka mai bankuna ta yi haka, ina ga mu?

Kada a ce wannan labarin nesa ne. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan yankinmu an riga an kafa ginshiƙan abin ɗaya bayan ɗaya.

A Ikko, tun Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Nijeriya ta fito da tsarin da ake kira Eto. Mota ba ta nufar Apapa ko Tin Kan yadda ta ga dama. Sai an yi mata rajista, ta jira a garejin da aka amince da shi, a kira ta ta waya, kuma ta sami shaidar cewa ta cika sharuɗɗan lafiyar mota. Cunkoso da haɗari aka yi shi dominsu, ba hayaƙi ba. Amma ƙofa mai rajista ta samu.

A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen CEDEAO, wadda ƴan Nijeriya ke kira ECOWAS, suka zauna a Wagadugu suka amince cewa daga Janairun 2021 man da za a shigo da shi kada farar wutar da ke cikinsa ta wuce kashi 50 cikin miliyan, kuma motar da za a shigo da ita ta kai ma'aunin hayaƙi na Turai mataki na 4. Suka kuma sa iyakar shekaru: 5 ga ƙaramar mota, 10 ga babba, tare da wa'adin shekara 10 don ƙasashe su shirya. Kodebuwa ma tun 2018 ta fara aiki da tata dokar, wadda ta hana shigo da babbar motar kaya da ta wuce shekara 10. Ga kuma doka mai lamba 14 ta UEMOA, ta 2005, wadda ta ce a auna nauyin mota tun daga inda ta yi lodi, har da tashoshin jiragen ruwa. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, mun sani. Amma ma'auni yana nan a takarda, ƙofa tana nan a ƙasa. Ranar da wani minista ya haɗa su biyun, sa hannu ɗaya ya isa.

Yanzu kowa ya tuna motar da ya yi wa lodi a kasuwar da ta wuce. Shekararta nawa? Da yawa sun girmi karen motar da ke binsu. Sai da suka gama aiki a Turai, suka zo nan suka sake wata rayuwar a hannun makanikai, Allah ya saka musu. In an ce sai mai shekara 10, nawa za su rage a layi?

Wani zai ce ai Nijar da Mali da Burkina sun fice daga CEDEAO tun Janairun 2025, dokarta ba ta hau kanmu ba. To, ai teku ba ta matso ba. Kwatano, Lome, Tema, Abijan da Ikko duk a ƙasashen CEDEAO suke, kuma mai ƙofa shi ke da sharaɗi. Mun ga misali a 2023, da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil, kaya suka koma Lome ta hanyar Burkina. Babu falken da bai ji a jikinsa yadda abin da ya faru a bakin teku ke juya kuɗin mota a kararmu ba.

Mu dai matsayinmu a fili yake. Ba mu kare hayaƙi. Wa ya fi yaranmu shaƙarsa, su da ke zaune a saman bodi kwana biyu, kwana uku, suna tada sa in ya kwanta, salansa na busa musu baƙi a fuska? Tun 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji. Kuma tsohuwar mota ta sha cutar mu. Wanda ya taɓa kwana a daji da shanu 30 a mota injin ya buga, rana ta take, dabba na faɗuwa ana neman wuƙa, ba sai an yi masa wa'azi ba. Gyara muna so. Abin da ba mu so shi ne a yi gyaran a bayanmu.

Don haka ga abin da muke kira a yi.

Na farko, a fara da mai kafin mota. Motar zamani tana da matacin hayaƙi wanda ƙazamin mai ke toshewa. A 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta auna gazuwal a gidajen mai na Afirka, ta sami wanda farar wutarsa ta ninka iyakar Turai fiye da sau 300. In aka tilasta wa mutum sayen sabuwar mota alhali man da ke hanyarsa irin wannan ne, an sa shi asara biyu.

Na biyu, a yi mataki-mataki, a faɗi ranaku tun da wuri. Ko Kalifoniya sai da ta ɗauki shekaru tana hawa tsani. Kada a wayi gari da sanarwa a rediyo ana saura wata ɗaya babbar salla.

Na uku, bashin sabunta mota ya isa hannun mai mota ɗaya da mai biyu, ta hanyar sandikarsu, da sharaɗi a rubuce wanda ba zai mai da shi bawa ba. In manyan kamfanoni biyu ko uku kaɗai suka rage a hanya, su za su yanka mana farashi, kuma ba lalle su yarda kashin shanu ya taɓa sabon bodinsu ba.

Na huɗu, takardar gwajin hayaƙi ta zama guda, wadda kowace tasha za ta karɓa. In ba haka ba, sabon dalili ne kawai aka ba masu tsayawa a hanya na miƙa hannu. Shingayen da muke da su sun ishe mu.

Saura namu aikin. Kowane reshe ya zauna da sandikar masu motoci na garinsa, a rubuta motocin da ke ɗaukar dabbobi, shekarar kowace, da inda take samun lodin komawa. Da wannan takarda shugabanninmu za su je gaban ma'aikatar sufuri da majalisar masu amfani da sufuri su nemi kujera, don in ana zancen tasha ba a tunawa da mai shanu. Waɗanda Allah ya hore wa kuma su fara tunanin haɗa kuɗi, mutum biyar ko goma, a mallaki mota mai sauran ƙarfi da sunan ƙungiya. Kafin a sayi kowace mota daga yau, a duba shekararta a takarda da matakin injinta, kada arha ta ruɗe mu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kakanninmu da ƙafa suka kora shanu har kurmi, wata da watanni a hanya. Jirgin ƙasa ya zo, suka koyi lodinsa. Kamiyo ta zo, muka koyi tata. Wannan ma za mu koya, in dai mun fara tun yanzu. A kawo maganar a taron reshe na gaba, a aiko mana da abin da aka tattauna.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a kasuwa. Wassalam.