Sharhi: Idan Batir Na Shayar Da Batir



A watan Oktoban 2024, lokacin da galibin jihohin arewacin Najeriya suka shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki, shagon mai caji ya koma tamkar bakin rijiya da rani. Wayoyi jere a kan katako, kowace da lambarta a manne, janareto na ta ruri, mutane na tsaye suna jira. A waɗancan kwanakin ne da yawa daga cikinmu suka san darajar fawa banki, wannan ɗan akwatin da ake cika shi da wuta a sa a aljihu, ya shayar da waya idan batirinta ya yi sanyi. Yanzu kuma kowa mai cajin gaggawa yake nema. To amma me ke faruwa a cikin igiyar caji idan batir na ɗura wa batir wuta da sauri, kuma wa ke biyan kuɗin saurin?

Mu ɗauki wuta kamar ruwan famfo. Abin da masana ke kira bolt shi ne ƙarfin turin ruwan, kamar tankin da aka ɗora a saman bene. Amfiya kuwa yawan ruwan da ke bi ta bututu ne. Idan ka ninka wannan da wancan sai ka sami wat, wato ainihin ƙarfin cajin. Tsohuwar kafar USB ta jikin kwamfuta bolt 5 take bayarwa da rabin amfiya, wat 2 da rabi ke nan. Fawa banki mai cajin gaggawa yana iya ɗaga turin zuwa bolt 9 da amfiya 2, a sami wat 18, ninki bakwai na wancan.

Ba haka kawai yake ɗagawa ba. Da zarar ka jona igiya, ciniki ake yi a cikin ƙiftawar ido. Fawa banki ya faɗi abin da yake da shi, waya ta faɗi abin da za ta iya ɗauka, a sallama. Sai dai cinikin yana buƙatar harshe ɗaya. Akwai tsarin Quick Charge na kamfanin Qualcomm, akwai tsarin Power Delivery da ke tafiya da kafar USB-C, wasu kamfanonin waya kuma suna da nasu na gida. Idan ba su ji harshen juna ba, sai su koma kan bolt 5 na gargajiya, kai kuma ka yi ta zargin mai shago ya cuce ka. Sau da yawa ma laifin na igiya ne. Igiyar araha da aka tsuke wa jan ƙarfen ciki ba ta iya ɗaukar kayan, sai ta yi ɗumi, cajin ya yi ta jan ƙafa.

Yanzu ga inda aka fi yin gardama a kasuwa. Ka sayi fawa banki an rubuta masa 10,000, batirin wayarka 5,000 ne, lissafinka ya ba ka caji biyu. Ba za ka samu ba, ko da kayan na asali ne. Batirin da ke cikin fawa banki a kan bolt 3.7 yake ajiye wutarsa. Kafin ta fita sai an ɗaga ta, idan ta shiga waya kuma sai an sake sauke ta daidai da batirin wayar. Kowane ɗagawa da saukewa akwai abin da ke zubewa, kamar mai juye hatsi daga buhu zuwa buhu a cikin iska, sai dai a nan zafi asarar take komawa. Ɗumin da kake ji a tafin hannunka, wutar da ka biya kuɗinta ce take tafiya. Abin da ke isa batirin waya yakan kama kusan kashi 2 cikin 3, wato caji ɗaya cikakke da ɗan ƙari. Kamfanonin kirki sukan rubuta lamba ta biyu da ƙananan haruffa a bayan akwatin, ita ce ta fi kusa da gaskiya. A riƙa juya shi ana dubawa kafin a biya.

A ganina, mu da ake kawo mana wuta awa uku a ɗauke, saurin da ya fi mana amfani shi ne saurin da fawa bankin kansa yake cika. Mai lamba 20,000, idan da ƙaramin kan caja na wat 10 kake ciyar da shi, zai ci fiye da awa 8. Da kan caja na wat 20, in shi ma yana karɓar hakan, kusan rabin lokacin ya ishe shi. Mutane na tambayar mai shago wat nawa fawa bankin yake bayarwa, ba su tambayar nawa yake karɓa.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ta fi damuna. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da wayoyinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A Kano da Sakkwato da Yamai, watan Afrilu yana haura 40. Sai ka ga an haɗa waya da fawa banki baya da baya, an ɗaure da roba, an cusa a aljihu ko a ƙarƙashin matashin kai, ana kallon bidiyo ana caji. Batir biyu ne kowanne na gasa ɗan'uwansa. Zafi yana tsufar da batir tun kwanansa bai kai ba, shi ya sa waya mai hankali take rage saurin da kanta idan ta ji ɗumi, kuma take sassautawa idan ta kusa kashi 80 cikin 100. Kariya ce, kada a ɗauka lalacewa ta yi.

Idan kariyar ta gaza, abin ba ya zuwa da sauƙi. Ranar 28 ga Janairun 2025 jirgin kamfanin Air Busan ya kama da wuta a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi. Mutum 176 da ke ciki duk sun tsira da ransu, jirgin ya ƙone, masu bincike kuma suka nuna yatsa ga wani fawa banki da ke ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. A watan Yunin shekarar, kamfanin Anker, wanda sananne ne a wannan sana'a, ya janye fawa banki fiye da miliyan ɗaya daga hannun jama'a a Amurka saboda haɗarin gobara. Idan mai suna ya janye nasa, ina ga wanda babu sunan kowa a jikinsa?

Na taɓa tsayawa a gaban teburin wani mai gyaran waya yana ɓalle wani fawa banki da aka rubuta wa 50,000. Batura ne jere a ciki masu kama da na tocila, biyu kacal aka jona. Ya fasa ɗaya daga cikin sauran, yashi ya zubo a kan teburin. Mai kayan, wani dattijo ɗan acaɓa, ya daɗe yana kallon yashin bai ce komai ba. Fawa banki na gaskiya mai 10,000 yakan yi nauyin giram 200 ko kusa da haka, mai 50,000 kuwa ya kai kilo guda. Wanda ya zo maka da babbar lamba da sauƙin nauyi da arahar kuɗi, ka mayar masa da kayansa.

Maniyyata da sauran masu hawa jirgi, fawa banki a jakar hannu ake riƙe shi, ba a sa shi a kayan awo, kuma wanda ya wuce kimanin 27,000 sai da izinin kamfanin jirgin. Mu na gida, a raba waya da fawa banki lokacin caji, a ajiye su a inuwa a kan siminti, a nisanta su da katifa. Wanda nasa ya kumbura, ko yake wani wari, ko yake zafin da hannu ba ya iya riƙewa, don Allah ya daina jona shi daga yau. Kada a huda shi, kada a ba yara su yi wasa da shi, kuma kada a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.