Mizanin da Ya Dace a Auna Ƙwallon Ƙananan Kwalejojin Amurka a Farkon Kakar Wasa

Kowace shekara, idan watan Agusta ya ƙarato ƙarshensa, ɗalibai suka fara komawa makarantunsu a ƙasar Amurka, sai masu sharhin wasanni da masu horar da 'yan ƙwallo su duƙufa ga wata al'ada da ta zame musu jiki, wato jera sunayen ƙungiyoyin kwalejoji ɗaya bisa ɗaya, a ce wannan ce za ta yi zarra, waccan kuwa sai dai ta yi rakiya, alhali ko wasa ɗaya ba a buga ba tukuna. Ƙungiyar masu horarwa ta ƙasar, wadda ake kira United Soccer Coaches, takan fitar da irin wannan jeri tun kafin a busa usur na farko, sa'an nan ta riƙa sabunta shi mako-mako. Abin da nake son in tabbatar a wannan maƙala shi ne, irin wannan hasashe, idan an yi shi a kan ƙananan kwalejoji, zato ne da bai kai matsayin yaƙini ba, kuma dalilan da suka hana shi kaiwa ga yaƙini su ne ainihin abin da ya sa ƙwallon waɗannan makarantu ta cancanci yabo da koyi.

Domin magana ta tsaya a kan hujja, bari mu ɗauki yanki guda, wato arewa maso gabashin Amurka, wanda ake kira New England. Masu bin ƙwallo a Nijeriya ba baƙin wannan yanki ba ne, domin a filin Foxboro, kusa da birnin Boston, 'yan wasan Nijeriya suka kara da Ajantina da Girka da Italiya a gasar cin kofin duniya ta 1994. A wannan yanki ne kwalejoji goma sha ɗaya suke haɗe a gamayyar wasanni mai suna NESCAC, wadda aka kafa a 1971: Amherst da Williams da Tufts a jihar Massachusetts, Bates da Bowdoin da Colby a Maine, Middlebury a Vermont, Trinity da Wesleyan da Connecticut College a Connecticut, sai Hamilton kaɗai wadda take wajen yankin, cikin jihar New York. Galibinsu tsofaffin gidajen ilmi ne, an kafa Williams a 1793, Bowdoin a 1794, Amherst a 1821, kuma in ban da Tufts wadda ta fi sauran girma, yawan ɗaliban kowacce bai wuce dubu biyu zuwa uku ba. Dukansu suna wasa ne a rukuni na uku na hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, rukunin da sharaɗinsa na asali shi ne ba a ba ɗalibi tallafin karatu saboda iya wasansa. Wanda ya shiga, da takardunsa ya shiga, wanda ya sami taimakon kuɗi kuwa, ba don ƙwallo ya samu ba.

Masu hasashe ba su rasa abin kafa hujja ba, kuma adalci ne a kawo hujjarsu cikakkiya. Suna iya cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma tarihi yana bayansu, domin daga 2014 zuwa 2024 an buga gasar ƙasa ta wannan rukuni sau goma, in aka cire 2020 da annobar korona ta hana, kuma a tara daga cikin goman nan akwai ƙungiyar NESCAC a wasan ƙarshe, bakwai kuma ita ta ɗauki kofin. Tufts ta ci a 2014 da 2016 da 2018 da 2019, Amherst ta ci a 2015 da 2024, Connecticut College ta ci a 2021, kuma kafin nan Williams ta taɓa ci a 1995, Middlebury a 2007. Idan aka tuna cewa ƙungiyoyin maza da ke wannan rukuni a faɗin Amurka sun haura ɗari huɗu, sai a ga cewa duk wanda ya ce a watan Satumba ɗaya daga kwalejojin nan goma sha ɗaya za ta kai ƙarshen gasar a Disamba, bai yi ƙiyasi a banza ba.

Sai dai kuma wannan hujja tana tsayawa ne a bakin ƙofa, domin da zarar an tambayi mai hasashe wacce ce daga cikin goma sha ɗayan, sai ilminsa ya gaza. A 2014 an fitar da Tufts tun a zagayen farko na sili-ɗaya-ƙwale na gamayyarta, ta shiga gasar ƙasa bisa zaɓin kwamiti, amma ita ce ta je ta kayar da Messiah ta jihar Pennsylvania, wadda ke riƙe da kofin shekara biyu a jere kuma ta fi kowa yawan ɗaukarsa, sa'an nan ta zarce ta ci kofinta na farko. A 2021 Connecticut College, wadda ba ta taɓa cin kofin ƙasa ba, ta doke Amherst a wasan ƙarshe da bugun fenariti. Bayan shekara uku ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, aka sake zuwa fenariti, wannan karon Amherst ta rama. A 2022 Williams ta yi ta tashi kunnen doki wasa bayan wasa, har mai duban teburi ya ɗauka ba ta da haƙoran cizo, amma ita ce ta kai wasan ƙarshe, inda Jami'ar Chicago ta rinjaye ta a ƙarƙashin Julianne Sitch, mace ta farko da ta jagoranci ƙungiyar ƙwallon maza zuwa kofin NCAA. Da wannan ne ɗaya karin maganar ta fi dacewa da lamarin, cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wannan rashin tabbas yana da sababai, kuma babu ko ɗaya cikinsu da yake ɓoyayye. Na farko, ɗalibi kaka huɗu kawai doka ta ba shi ya buga, saboda haka duk shekara ƙungiya takan yi bankwana da manyanta, waɗanda galibi su ne kyaftin da ginshiƙan baya da masu zura ƙwallo, ta karɓi yara sababbin shiga waɗanda ba su san tsarinta ba. Sunan makaranta yana nan, rigar tana nan, amma mutanen da suka ci kofin bara wasunsu sun riga sun kama aiki a Boston ko New York. Na biyu, lokacin shiri gajere ne ƙwarai, makonni kaɗan ne tsakanin dawowa hutu da wasan farko, ta yadda sakamakon farkon Satumba ya fi nuna wanda ya riga haɗa kan 'yan wasansa a kan wanda ya fi ƙarfi a haƙiƙa. Na uku, kakar kanta ba ta da tsawo: wasa goma kowace ƙungiya take bugawa da 'yan gamayyarta, wani lokaci Asabar da Lahadi a jere bayan doguwar tafiya a mota, takwas na sama su shiga sili-ɗaya-ƙwale, zakara ta sami gurbi kai tsaye a gasar ƙasa mai ƙungiyoyi 64, sauran su jira hukuncin kwamiti. A kakar da take gajeriya haka, raunin mutum ɗaya na mako uku yana iya rushe lissafin shekara. Daɗin daɗawa, tun 2022 aka soke ƙarin lokaci a wasannin kaka na yau da kullum, kunnen doki ya yawaita, tazarar maki ta ƙara matsewa.

Akwai kuma sababi na huɗu, wanda shi ne uwa ga sauran, wato karatu. Ɗan wasan da ke tsaron gida ranar Asabar shi ne zai shiga ɗakin gwaje-gwaje ranar Litinin, malaminsa kuma ba zai sassauta masa jarrabawa ba don ya kaɗe fenariti. Shugabannin waɗannan kwalejoji sun tsaya a kan wannan aƙida da gaske, har ma sai a 1993 suka yarda ƙungiyoyinsu su riƙa shiga gasannin ƙasa na NCAA, don gudun kada wasa ya ci lokacin darasi. Taƙaita shiri da taƙaita kaka da hana sayen ɗan wasa da tallafin karatu duka rassa ne na wannan asali guda.

To, idan sunan bara da sakamakon makon farko ba su isa mizani ba, da me mai hankali zai auna? A ganina abu na farko shi ne daɗewar mai horarwa, domin shi ne kaɗai yake zama alhali ɗalibai suna zuwa suna wucewa. Mike Russo ya yi fiye da shekara talatin yana horar da Williams. Justin Serpone yana Amherst tun 2007. Josh Shapiro ya karɓi Tufts a 2010, bai ci kofi ba sai a kakarsa ta biyar, wato bayan da dukan 'yan wasan suka zama waɗanda shi ya zaɓo ya raina, kuma bai bar ta ba sai da ya ci huɗu ya koma Harvard. Abu na biyu shi ne a duba yawan ɗaliban shekarar ƙarshe da suka rage a tsakiyar ƙungiya, daga mai tsaron gida zuwa 'yan baya na tsakiya zuwa mai raba ƙwallo, domin su ne ke riƙe natsuwa idan aka shiga wasan da ba a sake shi. Abu na uku shi ne ƙarfin 'yan benci, saboda dokar wannan rukuni ta faɗaɗa damar canji fiye da wasan ƙwararru, har wanda aka cire yana iya komawa fili a zagaye na biyu, don haka ƙungiyar da ke da mutum goma sha takwas nagartattu takan gajiyar da mai taurari uku. Abu na huɗu shi ne tsaron baya, domin a watan Nuwamba, lokacin da sanyi ya sauka a Maine da Vermont, fili ya yi nauyi, wasanni da yawa ƙwallo ɗaya ke raba su, ko kuma fenariti. Wanda ya auna da waɗannan huɗu zai iya yin kuskure, tunda gobe ta Allah ce, amma kuskurensa zai zama na mai ijtihadi wanda ya bi hujja.

Wani zai ce duk wannan alama ce ta rauni, ƙwallon da ba ta fitar da ƙwararru, wadda 'yan kallonta ɗaruruwa ne kawai na ɗalibai da iyaye a gefen fili, ba ta cancanci a ɓata tawada a kanta ba. Amsata ita ce, an auna ta da abin da ba don shi aka kafa ta ba. Waɗannan samari sun san cewa mafi yawansu ba za su ci abinci da ƙwallo ba, amma duk da haka suna tashi atisaye, suna jure rauni da sanyi, suna karɓar umarni, suna koyon cin nasara ba da fahari ba da shan kaye ba da yanke ƙauna ba, sa'an nan su fita da digiri a hannu, kuma wannan tarbiyya ce da kowace al'umma za ta so wa 'ya'yanta. Wani kuma zai ce makarantun masu hannu da shuni ne, tunda kuɗin shekara guda a wasunsu ya haura dala dubu 80. Wannan zargi yana da ƙamshin gaskiya, ba kuma zan kare shi gaba ɗaya ba, domin yaron da iyayensa suka iya biya masa ƙungiyoyin horo tun yana ƙarami ya fi ɗan talaka kusa da idon mai horarwa. Sai dai ya kamata a sani cewa wasunsu, kamar Amherst, suna karɓar ɗalibi ba tare da duba aljihunsa ba, ko da daga wata ƙasa ya zo, sa'an nan su cike masa abin da ya gaza biya.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Makarantar ƙwallo ta Right to Dream, wadda aka kafa a Gana a 1999, ta daɗe tana buɗe wa yaranta hanya biyu. Ta hanyar farko Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a Accra, ya bi ya tafi Denmark, daga can Ajax, daga can Ingila. Ta hanya ta biyu kuwa yara da dama suka tafi makarantun sakandare na kwana a Amurka, wasunsu a wannan yanki na New England, daga nan suka shiga jami'o'i. Abu Danladi, wanda ya yi karatu a jami'ar UCLA kuma aka zaɓe shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasan gasar MLS ta Amurka a 2017, ta wannan hanya ya bi. Hanyar farko ƙunci gare ta, ɗaya cikin dubbai ke wucewa, ta biyun kuwa ko ƙafa ta gaza, ilmi yana nan, amma ba a shiga ta sai da sakamakon jarrabawa mai kyau.

Saboda haka ina kira ga masu sharhin wasanni da su yi taka-tsantsan wajen yanke hukunci a kan ƙungiyar ɗalibai tun a makonta na farko, su jira Oktoba ta nuna wanda ya tsaya da ƙafafunsa. Ina kuma kira ga iyaye da masu horar da yara a unguwanninmu, da hukumomin kwalejojinmu na ilmi da na kimiyya da fasaha, da su lura cewa makarantun da suka fi tsananta sharaɗin karatu a wannan rukuni su ne kuma suka fi cin kofuna daga 2014 zuwa 2024. Kada a bar yaro ya jefar da littafinsa don an ce ƙafarsa tana da kyau, kada kuma a hana shi fili don an ce yana karatu. A haɗa masa biyun, a fifita karatu, Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka.