Gara Ba Ta Hutu: Wa Zai Tsare Kayan Gidan Makama?

Duk wanda ya ratsa ta Ƙofar Na'isa a yau zai ga ƙofa mai faɗi ta siminti, motoci na shiga suna fita. A shekarar 2010 aka rushe tsohuwar ƙofar ta ƙasa, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, domin a faɗaɗa hanya. Masana tarihi sun koka, amma aikin gama ya gama. Wannan asara kowa ya gan ta, domin a bainar jama'a ta faru. Akwai kuwa wata asarar da ke tafiya sannu a hankali ba tare da an ji motsinta ba, wato lalacewar kayan tarihin da aka riga aka killace.

Daga Ƙofar Na'isa ba wata tafiya mai nisa ba ce zuwa Gidan Makama, kusa da fadar Sarkin Kano. An gina gidan a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. A cikinsa akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da tufafi, da hotuna. Yawancin waɗannan kaya daga itace, da fata, da auduga, da takarda aka yi su. A wurin mai nazarin halittu kuwa, duk waɗannan abinci ne.

Gara tana cin itace da takarda, ƙananan halittun da ke cikin hanjinta suna taya ta narkar da su. Asu yana huda tufafi, ɓera ya yayyaga abin da ya rage. Idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta, laima takan yi yawa a iska, sai fumfuna ta tsiro a jikin fata da littattafai. Da hunturu ya kama, sai iska ta bushe ƙarau, fata ta tsage, itace ya motse. Haka ake yi kowace shekara.

Kwalekwalen Dufuna ya isa misali. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da shi. Bincike ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Abin da ya tsare shi shi ne jiƙaƙƙiyar ƙasa marar iska, inda halittun da ke ruɓar da itace ba sa iya aiki sosai. Tun ranar da aka fito da shi, ragowar kwanakinsa suka koma hannun masu kula da shi. Haka kowane kaya yake a gidan tarihi.

To, su wane ne masu kula? Ƙaramin gidan tarihi kamar murhu yake, duwatsu uku ke riƙe da tukunyarsa: ma'aikata, da 'yan sa-kai, da amintattu.

Ma'aikata su ne masu horo. Su ke rubuta kowane kaya a rajista, su san wanda za a taɓa da wanda ba za a taɓa ba. Idan ƙwari sun kama riga, su ne suka san a rufe ta a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili har mako guda ko fiye, maimakon a fesa mata maganin da zai ɓata rini. Amma komai ƙwazonsu, ba za su iya leƙa kowane lungu kowace rana ba.

A nan 'yan sa-kai ke shigowa, kuma ɗaliban sakandare masu karatun kimiyya sun dace da aikin. Da izinin shugabannin gidan, ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya ɗana tarkon ƙwari mai danƙo, ta riƙa ƙirga abin da ya kama kowane mako. Za ta iya rubuta awon zafi da na laima, ta duba gindin bango ko gara ta fara gini. Wannan shi ne darasin kimiyyar halittu a aikace. Sharaɗin kawai shi ne ɗan sa-kai ya duba, ya rubuta, ya kai rahoto, amma kada ya sa hannu a kaya sai da umarnin ma'aikaci.

Dutse na uku shi ne amintattu. Ya kamata dattawan unguwannin da ke kewaye, da attajirai, da malaman jami'a su kafa kwamitin da zai tallafa wa gidan. Aikinsu neman kuɗi, da bin diddigin yadda aka kashe, da tsaya wa kayan tarihi duk ranar da wani aikin hanya ya doso su. Sai dai su bar wa ma'aikata harkar yau da kullum. Su kuma tuna cewa yaɓe kafin damina da gyaran indararo sun fi bikin yanka kirtani amfani, ko da yake ba mai ɗaukar hotonsu.

Wani zai ce ai wannan nauyin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma ya wajaba a ci gaba da tuna mata. Amma gara ba ta jiran kasafin kuɗi, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. An sake gina Ƙofar Na'isa da siminti, amma tsohon ƙyaure ko riga mai shekara 200 ba su da madadi.

Saboda haka, ya dace malamin kimiyya ya kai ɗalibansa Gidan Makama a wannan zango, kowa da littafi da fensir. Bayan sun gama kallon kaya, su nemi ma'aikatan gidan su tambaye su ta ina za su taimaka.