Jinin da ba ya wuce kwana biyar: Abin da ya kamata mutanen Ƙaraye da Rogo su sani

A mafi yawan asibitocinmu, idan likita ya ce a nemo jini, abin da dangi suka sani shi ne a kira ƙane ko maƙwabci, a gwada shi, a ɗebi leda ɗaya. Wannan tsarin yana ceton rayuka kullum, amma akwai marasa lafiyar da ba ya isar su.

Su ne waɗanda ke buƙatar wani sashe na jini da likitoci ke kira filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin da ke taruwa su toshe rauni har jini ya daskare. Ga mai jinya daga Ƙaraye ko Rogo, samun ledar wannan sashe ya fi samun jinin da aka saba wahala ƙwarai, kuma ba kuɗi ne kaɗai dalili ba.

Su wa ke buƙatarsa?

Ɓargo ne ke samar da waɗannan ƙwayoyin, kuma kowace ba ta wuce kwana 7 zuwa 10 a jiki. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a ɗan ƙanƙanin ɗigon jinin da ake aunawa a ɗakin gwaji.

Idan suka yi ƙasa sosai, sai a ga haɓo ya ƙi tsayawa, dasashi na zubar da jini, fata na fitar da ɗige-ɗige. Mafi haɗari shi ne jinin ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa ko hanji.

Masu sankarar jini, da masu karɓar maganin kansa mai ƙarfi, da waɗanda ɓargonsu ya daina aiki, su ne kan gaba wajen buƙata. Sai masu juna biyu da hawan jini ya yi wa tsanani har ya taɓa hanta, da waɗanda jini ya ɓalle musu bayan haihuwa har ya daina daskarewa.

Wannan ya shafi kowane gida. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a 2023 sanadiyyar ciki ko haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma zubar jini na cikin manyan dalilai.

Sai dai ba duk wanda ƙwayoyinsa suka ragu ne ake yi wa ƙari ba. Zazzaɓin cizon sauro yakan rage su, amma galibi suna dawowa da zarar an sha magani. Haka wanda kububuwa ta sara yana zubar da jini, allurar kashe dafi ce maganinsa na farko.

Me ya sa ba a iya tara shi?

Ana iya ajiye ledar jini a firji na kwana 35 zuwa 42. Ruwan jini kuwa, idan aka daskarar da shi, yana kai shekara. Amma filatilet kwana biyar ne kawai a ƙa'idar da aka fi bi.

Ba a kuma sa shi a firjin da aka saba. Ana ajiye shi ne a yanayin da ke tsakanin 20 zuwa 24 a ma'aunin salshiyas, a kan wata na'ura da ke girgiza shi dare da rana. A garin da zafin bazara ke haura 40, ga wutar lantarki ba tabbas, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Hanya biyu ake samunsa. Ta farko, a ware shi daga jinin da aka ɗiba kafin jinin ya shiga firji, cikin sa'o'i kaɗan. Sai an haɗa na mutum huɗu zuwa shida kafin ya isa babban mutum sau ɗaya.

Ta biyu, a haɗa mai bayarwa da na'urar da ke tsame ƙwayoyin kaɗai ta mayar masa da sauran jininsa. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma mutum ɗaya zai ba da abin da ya kai na waɗancan mutum huɗu zuwa shida. Irin wannan na'ura tana da tsada, haka ma kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar, shi ya sa ba ta da yawa a Najeriya.

Inda nisa ke zama matsala

Ƙaraye da Rogo, waɗanda ke mazaɓar tarayya ɗaya da masarauta ɗaya, suna da mutum sama da 360,000 tun a ƙidayar 2006. Mafi yawansu manoma ne a ƙauyuka, daga yankin madatsar ruwa ta Challawa zuwa iyakar Kaduna da Katsina.

Cutar da ta shafi ɓargo ko sankarar jini sai an dangana da ƙwararru a birni, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya.

A nan tsarin "kawo ɗan uwanka" ke gazawa. Mai sankarar jini na iya buƙatar ƙari sau da yawa a wata guda. Ɗan uwan da ya ba da leda ɗaya yau, sai bayan kimanin wata uku zai sake. Dangin da suka baro gona suka biya kuɗin mota zuwa Kano, cikin mako biyu sun ƙare.

Daga nan sai a koma ga masu sayar da jininsu a bakin asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin jini, kuma binciken masana ya daɗe da nuna cewa jinin mai bayarwa don Allah a kai a kai ya fi aminci, domin ba shi da dalilin ɓoye ciwo.

Abin da ya fi na'ura muhimmanci

Idan aka tashi maganar lafiya, abin da aka fi nema wajen ɗan majalisa shi ne gini ko na'ura. A wannan batu, ajiye na'urar ware jini a asibitin ƙaramar hukuma ba tare da tsayayyiyar wuta da ƙwararru da isassun masu bayarwa ba, tamkar sayen tarakta ne babu mai. Abin da aka samar zai lalace a kwana biyar.

Abin da garuruwan biyu za su iya yi tun yanzu shi ne tara mutane maimakon tara ledoji: rajistar matasa masu lafiya da aka san rukunin jininsu da lambar wayarsu, waɗanda za a kira idan buƙata ta taso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan kashi 1 cikin 100 na jama'a na bayarwa, za a biya ainihin buƙatar ƙasa. A Ƙaraye da Rogo, wannan 'yan dubbai ne kawai.

Hakimai da dagatai da limaman Juma'a da 'yan agaji da ƙungiyoyin ɗalibai na da hanyar isa ga waɗannan matasa. 'Yan asalin yankin mazauna Kano da Zariya su ne suka fi kusa da manyan asibitoci, don haka sunayensu ya kamata su fara shiga rajistar. Ƙananan hukumomin kuma su ɗauki nauyin kuɗin mota, domin kada mai taimako ya yi asarar aljihunsa.

Hukumar kula da jini ta ƙasa, wadda dokar 2021 ta kafa, tare da ma'aikatar lafiya ta Kano, su ne ke da alhakin haɗa irin wannan rajista da ɗakunan ajiyar jini na birni.

Wa zai iya bayarwa?

Mai shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 ko fiye, wanda ba shi da ciwo a lokacin. Ana gwada jinin don ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere.

Mai ba da filatilet zai guji asfirin na aƙalla kwana biyu kafin ranar. An fi son maza, domin matan da suka taɓa ɗaukar ciki kan buƙaci ƙarin gwaji.

Masu fargabar jininsu zai ƙare su kwantar da hankali: jiki yana mayar da ƙwayoyin da aka tsame cikin kwanaki kaɗan. A Amurka ma ana barin mutum ya bayar har sau 24 a shekara.

Ranar 8 ga Disamba ce ranar masu ba da jini ta Najeriya, 14 ga Yuni kuma ta duniya. Kowacce daga ciki ta isa a buɗe littafin rajista a manyan asibitocin Ƙaraye da Rogo, a fara rubuta sunaye.