Dillalin da Ke Binne Sunan Mai Kaya

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, akwai masu cewa dillalin kayan fasaha kaska ne, jinin mai sana'a kawai yake sha. Ni ban yarda ba. Mai aikin hannu ba zai zauna kan aikinsa kuma ya yi yawon neman mai saye ba. Laifin dillalinmu guda ne: yana sayar da aiki, yana binne sunan mai aikin.

Mu fara daga gida. A ƙauyukanmu na Gwarzo da Kabo, mace takan shafe makonni tana ɗinkin hula da allura, dillali ya kwasa ya kai Kasuwar Kurmi. Tambaye shi wa ya ɗinka, sai ya ce aikin Kano ne. Kano ce ta riƙe allurar? Ya ɓoye sunan ne don kada mai saye ya san hanyar gidanta. Wadda ba a san sunanta ba kuwa, ko ta fi kowa iyawa, kuɗinta ɗaya da na 'yar koyo.

To, ku dubi abin da suna ke yi. Ladi Kwali tukwane take ginawa kamar sauran matan Gwari. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta dā, watau Suleja. A 1958 wani gidan dillancin kayan fasaha a Landan, Berkeley Galleries, ya baje tukwanenta, duniya ta ji sunanta. Ga hotonta nan a bayan naira 20. A 2018 kuma, a wannan birnin, 'yan gwanjon Bonhams suka sayar da zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu kan fam miliyan 1.2. Da ba suna a jikinsa, wa zai taya haka?

Abin takaici, nan Zariya ne Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, amma Ikko ce ta ci moriyarsu, domin can masu tallata su suke. Mu da noma, wasu da girbi!

Saboda haka ina kira ga dillalanmu: kowace hula, kowace ƙwarya, kowane zane ya fita da sunan mai shi da garinsu. In sunan ya yi tsada, ai la'adarku ma ta ƙaru. Mu kuma ɗaliban Hausa da muka iya haddace sunayen mawaƙa, mu fita ƙauyuka mu rubuta na masu allura tun suna raye. Allah ya sa mu gane.