A Yi Wa Iri Rumfa Tun Kafin Agusta

Kowace damina mukan ji malamai da akawuna suna kukan ruwa ya cinye irin tumatir da tattasai da suka yafa a bayan gida. A ganina, laifin mai lambu ne. Kowa ya san a ƙasar Kano da Zazzau ruwa ya fi ƙarfi a watan Agusta, to, ina dalilin zama har ya iske mu ba shiri?

Ɓarnarsa iri biyu ce. Dukansa yakan kwantar da ɗanyen tsiro, ya tone saiwarsa. In kuwa ya kwanta a fangali, sai gindin tsiron ya ruɓe.

Maganin ba ya cin ko kwabo. A ɗaga fangalin kamar taƙi ɗaya, a haƙa masa magudana. A kafa 'yar rumfar zana mai gangare bisansa, a riƙa yaye ta in gari ya washe, don tsiron ya sha rana. Bayan mako 4 zuwa 6 sai dashe.

Malamai, ku fara gwadawa a lambun makaranta, yara su kai gida. Tumatir yana tsada da damina, albashi kuwa ba ya ƙaruwa. Allah ya ba mu damina mai albarka.