Daga Ina Takardar Littafinka Ta Fito?



Makon jiya na je yin fotokwafin takardun lakca a wani shago da ke bakin makarantarmu, sai na tarar kuɗin ya sake tashi. Na ce wa mai shagon, "Haba Malam, ba a watan jiya ka ƙara ba?" Bai ce komai ba, ya miƙo mini ledar rim ɗin da yake aiki da shi. A jiki an rubuta cewa a Indunusiya aka yi ta. Ya ce, "Ɗan'uwa, da dala ake sayo ta, ni kuwa naira kake ba ni."

Gaskiya ya faɗa. Mafi yawan farar takardar da muke rubutu da ɗab'i a kanta a Najeriya daga waje ake shigo da ita, daga ƙasashe irin su Indunusiya, Indiya da Sin. A duniya ana yin takarda da kwali kusan tan miliyan 400 a kowace shekara, kuma Sin ce kan gaba. Ƙasashen da ke da dazuzzuka, kamar Finland, Sweden da Kanada, suna sayar da takarda da markaɗaɗɗen itacen da ake yin ta da shi. Brazil kuwa gonakin bishiyar turare take nomawa domin wannan aiki kawai. Fiye da rabin abin da ake samarwa ba na rubutu ba ne, kwali ne na zuba kaya, kuma cinikin intanet ya ƙara masa kasuwa.

Kafin rim ɗaya mai falle 500 ya iso hannun mai shagon nan, ya shiga kwantena, ya ƙetare teku, ya sauka a Apapa ko Tin Can da ke Legas, an biya kuɗin kwastam, sannan tirela ta sha gas ta kawo shi Arewa. Kowane zango da nasa kuɗin. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, sai komai ya ƙara tsada. Uba mai 'ya'ya biyar a makaranta ya ji a jikinsa ranar sayen littattafan rubutu, haka marubucin da yake son buga littafinsa na farko.

Sayen takarda daga nesa ba yau muka fara ba. Yawancin littattafan da malamanmu suka rubuta da hannu a ƙarni na 19, a kan takardar Italiya suka rubuta su, wadda fatake ke ɗaukowa daga Tarabulus su ratsa Sahara da ita zuwa Kano. In ka ɗaga irin wannan takarda a haske, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta. A da raƙumi ne ke kawo ta, yanzu jirgin ruwa.

An taɓa yunƙurin sauya wannan hali. Gwamnati ta gina masana'antun takarda uku: ta Jebba a Jihar Kwara, wadda ta fara aiki a 1969, da ta Oku Iboku a Akwa Ibom mai yin takardar jarida, da ta Iwopin a Jihar Ogun. An dasa gandayen malaina don ciyar da su. Amma zaren malaina gajere ne, takarda mai ƙwari kuwa tana buƙatar gauraye da dogon zare, shi ma sai an sayo daga waje. Ga ƙarancin kuɗin waje, ga rashin kayan gyara, ga sakaci. A shekarun 1990 duk suka durƙushe, daga baya aka sayar da su ga 'yan kasuwa.

To, mu ɗalibai ina namu a ciki? Da farko mu daina ɓarna. A buga gaba da baya, a haɗa ragowar shafukan zangon da ya wuce a ɗinke su, abin da za a iya karantawa a waya kada a buga shi. Tsohon kwali ma ba shara ba ne, akwai kamfanoni a ƙasar nan da ke sayensa su sake sarrafa shi.

Na biyu ya fi muhimmanci. Ramar nan da muke kwaɗo da ganyenta, ɓawon karanta yana da dogon zaren da ake yin takarda da shi, kuma tana yi sosai a ƙasarmu. Masu karatun noma, kimiyyar sinadarai da injiniyanci, ga abin bincike a bayan gidanku. Lokacin zaɓen furojet ɗin shekarar ƙarshe, ku tuna da rama.

Kafin mako mai zuwa, ku juya bayan rim ko littafin da ke hannunku, ku duba inda aka yi shi, ku rubuto mana. Allah ya ba mu ilimi mai amfani.